Alamar da Ta Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar bazara da na yi a wani ƙauye arewa da Takanamat ba. Kuma ko na so in manta, direbobin tashar Tahoua ba za su bar ni ba.

Ni makaniki ne. Tun ina saurayi nake cikin baƙin mai, kuma abin da aka fi sanina da shi a garin nan shi ne injin gazuwal, wato dizal: na kamiyo mai ɗaukar kaya, na niƙa, na gurup mai ba da wuta. A cikin aikin ma akwai wanda nake taƙama da shi, wato kalaj. Ga wanda ba sana'arsa ba, kalaj shi ne ka daidaita pom ɗin gazuwal yadda zai tura mai cikin inji a daidai lokacin da ake bukata. In ya yi gaggawa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana dukansa da guduma. In ya makara, sai hayaƙi da tari, ba ƙarfi. Tsakanin daidai da ɓarna bai wuce kaurin farce ba, shi ya sa masu inji suke mana alama a jikin ƙarfe, ƴar ƙarama, don mu bi.

To, ga inda matsalata take. Na ɗan jima ina lura cewa lambobin da ke jikin kile, wato sifana, sun fara dusashewa. Na ce masu ƙera kaya ne suka lalace, ba su iya rubutu mai kyau yanzu. Salula kuwa sai na miƙe hannu iya tsawonsa kafin in ga sunan mai kira. Na ce gilashinta ne ya karce. Duk wanda ya ambaci tabarau a gabana sai in haɗe rai. (A raina, ranar da masu motoci suka gan ni da tabarau, ranar za su ce tsufa ya cinye ni, su kwashe aikinsu su kai wa yaran da na koya wa riƙon kile.) Haka na yi ta lallaɓawa, abin da ido ya kasa in sa yatsa ya lalubo.

Ƙauyen nan da nake faɗa suna da foraj, rijiyar burtsatse mai zurfi, kuma gurup ne ke jawo ruwan ya hau shato, babban tankin ruwan da ke sama. Pom ɗin gurup ɗin ya lalace, shugaban kwamitin ruwansu, Alhaji Illa, ya ɗauko shi da kansa ya kawo mini garaj. Na gyara. Amma kafin kayan da na sa a kawo su iso, kwanaki sun ja, kuma kullum Alhaji sai ya kira ni, muryarsa tana ƙara dushewa. Ranar da na gama, na naɗe pom ɗin a buhu, na ɗaure a bayan moto, babur ɗina, da sabon filtir na tace mai da jakar kayan aiki, na kama hanya tun da sanyin safiya.

Tun kafin in ga shaton na fara jin kukan shanu. Ba irin kukan da ka sani ba, wani busasshe ne mai fitowa daga maƙoshi. Da na hau tudun na hango filin, sai da na sassauta gudu. Shanu, raƙuma, tumaki, jakuna, ko'ina ka duba. Komayen shan ruwa sun bushe ƙayau, awaki na tsaye a ciki suna lasar siminti. Ga bidon, jarkoki masu ruwan ɗorawa, an jera su sun yi layi har bayan shinge, mata na zaune a kansu sun lulluɓe kai saboda rana. Da suka ji ƙarar moto, duk filin ya juyo ya dube ni lokaci guda.

Alhaji Illa ya tarbe ni da hannu biyu. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali.

"Maigaraj, marhabin. Allah ya kawo ka. Ka dai gani da idonka, ba sai na hwaɗa maka ba."

"Kwantar da hankalinka, Alhaji," na ce, har da buga ƙirji. "Kahin azahar za ku sha ruwa."

(Ban san wa ya aike ni in yanka lokaci ba. Babu wanda ya tambaye ni.)

Ya haɗa ni da wani makiyayi, Agali, dogo mai rawani har bisa hanci, ya ce shi zai kama mini aiki don yana da ƙarfi. Agali ya gaishe ni da Hausarsa mai karin Tamajak, sannan ya nuna mini wata jar saniya da ke kwance a gindin shinge, ta miƙe wuya a ƙasa.

"Tawa ce," ya ce. "Tun jiya ba ta tashi ba."

Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ɗakin injin ɗan ƙarami ne, na siminti, da taga ɗaya can sama. In ka fito daga hasken rana ka shiga, sai ka ɗauka an rufe maka ido. Ga warin awaki, don tun da injin ya tsaya suka mayar da wurin ɗakin hutunsu. Na kore su, na share, na fara aiki yadda ya kamata. Na buɗe ƙasan tanki na zubar da abin da ya kwanta, rabi ruwa rabi yashi, wanda shi ne ma ya kashe pom ɗin tun farko. Na wanke tankin, na hure tiyo, na sa sabon filtir, na ɗaura pom. Na sassauta ƴar ƙusar fitar da iska na yi ta matsawa har kumfa ta ƙare, gazuwal ya fito garau. Duk wannan hannuna ya san shi, ko a mafarki zan yi. Har na fara ƴar waƙa a ƙasan maƙoshi.

Sai aka zo kalaj.

Yadda muke yi, ana kwance tiyon farko na pom, a ɗaura wani ɗan lanƙwasasshen tiyo a wurin. Mutum ɗaya yana juya injin da sandar ƙarfe a hankali, gazuwal yana ɗiga. Inda ɗigon ya ɗauke, nan ake tsayawa. Sai ka leƙa wata ƴar taga a gefen injin, inda ake hango bolan, babban faifan ƙarfen nan da ke juyawa. A jikin bolan akwai zane, a bakin tagar kuma akwai ɗan ɗigo da aka buga. In zane ya zo daidai da ɗigo, aiki ya yi.

Zanen bolan na lalubo shi da farce, na goga masa alli ya fito fari tas. Ɗigon bakin taga kuwa ban sha wahala ba. Ina durƙusawa na hango shi, baƙi, a fili. Har na ce a raina, Allah ya yi wa masu wannan inji albarka, su kam sun san darajar idon mutane.

"Juya, Agali. Sannu. Sannu dai. Tsaya!"

Na leƙa. Allin ya tsaya ƙasa da ɗigon da kamar faɗin yatsa. Na sassauta ƙusoshin pom, na ɗan karkata shi, muka sake juyawa. Ya zo daidai. Na mayar da komai, na goge hannu, na ce wa Alhaji ya gaya wa mata su shirya bidon.

Na murɗa makulli.

Kwam! Kwam! Kwam! Injin ya yi wata irin ƙara kamar maƙeri na dukan turmin ƙarfe, ya yi girgiza, ya tofo baƙin hayaƙi, ya mutu. A waje matan da suka fara guɗa suka haɗiye ta.

"Haka yake yi da fari," na ce wa Alhaji. (Ba haka yake yi ba.)

Na sake kwance tiyo, Agali ya sake kama sanda. Da ɗigon mai ya ɗauke na leƙa, sai na ga allin ya haye saman alamar. Abin da na daidaita da hannuna ɗazun nan. Na ce ƙila ban ɗaure ƙusa da kyau ba. Na mayar da pom baya, na daidaita, na ɗaure har sai da kile ya yi mini shaida a tafin hannu. Na murɗa makulli. Wannan karon ko ƙwanƙwasar ma babu, sai tari da farin hayaƙi mai yaji a ido. Na riƙe makullin ina ta roƙonsa, har na ji juyin ya fara nauyi.

Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Maigaraj, a yi hattara da batiri. Shi ɗai gare mu. In ya mutu sai an kai shi Takanamat."

Aka kira azahar. Na yi sallah da taimama kamar kowa, don ba wanda zai taɓa ɗan ruwan da ya rage, kuma Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta ba. Bolan kawai nake gani yana juyawa. Da muka sallame, wani tsoho ya matso ya ce, "Makaniki, azahar ɗin yau kaka nuhi, ko ta gobe?" Ba da wasa ya yi tambayar ba. So yake ya san ko ya kora dabbobinsa gaba.

Na koma ɗakin. Rigata ta manne a baya, gumi na shiga mini ido. Muka sake gwadawa. Na leƙa. Alamar ta sake gocewa, yanzu ma har ta ɗan yi gefe.

A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban taɓa ganin kalaj da ke sauyawa da kansa ba. Na fara lissafa masifu. Ko pom ɗin da na gyara ne bai gyaru ba? Ko haƙoran da ke juya shi sun cinye? Daga ƙarshe na tsaya a kan mafi muni: bolan ne ya kwance daga mazauninsa, yana zamewa. In haka ne, sai an sauke injin gaba ɗaya an kai Tahoua. Na zauna a kan jakar kayana na ɗan lokaci. Agali yana tsaye da sanda, idanunsa kawai nake gani ta saman rawani.

"Maigida," ya ce, "akwai aman yau, ko babu?" Aman shi ne ruwa a harshensu.

Na fita na sami Alhaji a bakin ƙofa, na faɗa masa a hankali. Amma a irin wannan wuri ba a magana a hankali. Kafin in rufe baki labari ya zaga filin. Maza suka matso. Wani ya ce rijiya mafi kusa da za ta ɗauki dabbobi haka, sai an wuni ana tafiya. Agali ya ce rabin nasa ba za su kai ba. Wata mata ta fara kuka. Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu, yana ta juya ta.

Ana cikin haka sai na ji wata murya daga baya tana cewa a ba ta hanya. Mutane suka dare. Wata tsohuwa ce gajera mai kauri, da zane ɗaure a ƙirji da mayafi a kafaɗa, da tabarau rataye a wuya. Aka ce mini Inna Tsahara ce, ungozomar garin, kuma na lura har Alhaji ya ja da baya da ta iso.

"Kai ne makanikin?"

"Ni ne, Inna."

"Ina da mai jego da ta haihu da asuba, da ruwan roƙo munka wanke ta. Yanzu an ce mini wai za ka ɗauke inji ka tahi da shi. Mi ya same shi?"

Na fara yi mata bayani da manyan kalmomi, har da Faransanci, don ta gaji ta tafi. Ba ta gaji ba.

"Ni ban san wanga yare ba. Gwada mini abin da ya ɓaci in gani."

Raina ya ɗan sosu. Na ce a zuciyata, bari in nuna mata, kowa ma ya gani, don kada a ce ni na kasa. Na shiga gaba, ta biyo ni, Alhaji ya biyo ta, duk wanda ɗakin zai iya ɗauka ya cuso kai. Sauran suka toshe ƙofa. Na durƙusa, na ɗauki turnabis, wato sukudireba, na nuna, na gyara murya kamar mushen lakkol, malamin makaranta.

"Kin ga wannan farin zane? Kin kuma ga wannan baƙin ɗigo? Dole su haɗu. To duk sa'ad da na haɗa su, sai in tarar sun rabu. Wannan ke nuna cewa can cikin injin..."

"Dakata."

Ta ɗaga tabaranta ta ɗora a hanci, ta dafa gwiwa ta sunkuya har kuncinta ya kusa taɓa nawa.

"Wanga baƙin abu kaka nuhi?"

"Shi, Inna."

"Shi ne alamar taka?"

"Shi ne."

Ta ƙura masa ido. Sannan ta ce, da muryar da ta kai har waje:

"To ai ɗana, alamar ga taka tahiya takai."

Ta sa farce biyu ta tsinke ɗigon daga jikin ƙarfen, ta ɗora a tafin hannunta, ta miƙa shi cikin hasken taga. Ɗigon ya miƙe ƙafafu ya fara rarrafe.

Kaska ce. Kaskar awaki.

Tun hantsi nake karkata pom ɗin mutane, ina cinye musu batiri, ina shirin sauke inji, ina bin kaska duk inda ta sa gaba. In injin ya girgiza ta matsa, ni kuma in bi ta da kile.

Wanda ya fara dariya shi ne Agali. Na ga rawaninsa na rawa, kafaɗunsa na tsalle, sai ya saki sandar ta faɗi ƙasa, ya dafa bango. Da ya samu numfashi, ya leƙa waje ya fassara wa ƴan'uwansa da Tamajak. Ina durƙushe ina jin dariyar tana tafiya, daga bakin ƙofa zuwa layin bidon, daga layin bidon zuwa wurin masu raƙuma. Mutanen da ɗazu suke shirin kuka. Alhaji, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya toshe baki da hula, amma hawaye suka tona shi.

Inna Tsahara ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dube ni sama da ƙasa irin duban da take yi wa masu ciki.

"Yaushe rabonka da zura zare a allura?"

Na fara kame-kame.

"Na sani. Taho nan."

Kafin in ce wani abu ta cire tabaran daga hancinta ta maƙala mini a fuska. Bari in gaya muku irinsa, don ku san girman abin. Ruwan hoda ne. Gefensa ya yi fiffike sama, an jera masa ƴan duwatsu masu ƙyalli, ga igiyar duwatsun ado ja da kore tana lilo a kumatuna. Ni kuwa ga gemu, ga baƙin mai har goshi. Dariyar da ta fara lafawa ta tashi sabuwa.

Amma jama'a, sai duniya ta buɗe. Na ga zanen tafin hannuna. Na ga lambar da ke jikin kile, ashe tana nan daram ba wanda ya goge ta. Na duba bakin tagar injin, sai ga ɗigon gaskiya, ɗan mitsitsi, an buga shi tsaf a cikin ƙarfe, ƙura ta cike shi. Yana nan tun safe yana jirana.

"Agali," na ce, ban yarda na ɗago kai ba, "kama sanda."

Ya juya, ɗigon mai ya ɗauke, na karkata pom, muka sake, zane ya zauna a kan alama. Na sake dubawa don tsoro. Bai motsa ba. (Na ɗan taɓa shi da turnabis ma, ko zai yi tafiya.) Na mayar da tiyo, na sake fitar da iska, na miƙe na kama makulli. Nan dariya ta ɗauke, don kowa ya tuna da batiri. Ni ma na san abin da ya rage a cikinsa ba zai ba ni dama biyu ba. Na yi bisimilla, da tabaran Inna a hancina, na murɗa.

Ya juya da ƙyar. Ya sake juyawa kamar zai tsaya. Sai ya kama.

Ƙara mai santsi, ba ƙwanƙwasa, ba tari. Hayaƙin ya washe. Muka fito muka tsaya muna kallon bututu, har aka ji iska na fita tana huci, sai ruwa ya biyo, ja da fari, daga baya ya yi garau. Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba. Makiyaya na ihu suna tare shanu kada su tattake juna, mata na guɗa, jakuna na kuka. Agali ya cika tasa ya ruga wurin jar saniyarsa, ya tallafi kanta tana sha. Kafin la'asar sakaliya ta miƙe, tana tangaɗi amma ta miƙe.

Ina can gefe ina haɗa kaya Inna Tsahara ta zo ta miƙo hannu. Ashe har lokacin tabaran na fuskata, da shi na yi ta karɓar godiyar mutane. Ta karɓa, ta goge baƙin man da bakin zanenta.

"Aikinka na da kyau," ta ce. "Idonka ne ya tsuhwa, ba hannunka ba. Ka tai likita. In ka ƙi, wata rana kunama za ka yi wa kalaj."

Na ce to, Inna. Me zan ce?

Da zan hau moto Agali ya riƙe hannuna ya daɗe yana godiya, da gaske, har na ji sanyi a raina. Sannan ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali ko ya naɗe mini abokiyar aikina in tafi da ita gida, tun da mun wuni tare.

Na ɗauka abin zai tsaya a can. Ina! Washegari ranar kasuwa ce, motoci suka sauko daga arewa. Kafin in buɗe garaj, wani direba ya tsaya a bakin titi ya ƙwala mini kira, "Mai Kaska, an tashi lahiya?" Har yau sunan bai sake ni ba. Akwai masu kawo mini aiki daga Barmou da Affala da ba su san ina da wani suna ba.

A makon nan na je aka auna idona. Na zaɓi baƙi, mai kauri, marar ado ko ɗaya. Kuma masu motocin da nake tsoro, ko ɗaya bai gudu ba. Wani ma cewa ya yi na fi kama da wanda ya san abin da yake yi.

Abin da na koya kuwa, ina gaya wa duk wanda ya zo koyon aiki wurina: in ka ga alama ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, kada ka yi saurin zargin inji. Fara ƙirga mata ƙafafu.